Lulu da Nana: Yaran da Aka Yi wa Gyaran Gado Ba Su da Ciwon Komai

Ranar Laraba, 28 ga Nuwamban 2018, zauren taro na Jami'ar Hong Kong ya cika maƙil, masu ɗaukar hoto sun jeru a gefe. Taron duniya ne karo na biyu kan gyaran ƙwayoyin gadon ɗan Adam, amma a wannan rana mutum ɗaya kowa ya zo gani. Sai da shugaban zaman, Robin Lovell-Badge, ya roƙi jama'a su bar mai jawabi ya yi maganarsa ba tare da an katse shi ba. Sannan wani matashi ɗan shekara 34 ya hau dandamali riƙe da jakar hannu. Sunansa He Jiankui.

Kwana uku kafin nan, ɗan jarida Antonio Regalado na mujallar MIT Technology Review ya bankaɗo takardun da ke nuna cewa wannan masani yana ƙoƙarin samar da jariran da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Cikin awoyi kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da cikakken labarin, shi kuma He ya saki bidiyoyinsa a YouTube yana shelar cewa an riga an haifi tagwaye mata makonni kaɗan da suka wuce. Ya kira su Lulu da Nana, sunayen aro ne don a ɓoye su. Ya ce ya gyara musu gado ne don kare su daga HIV, cuta mai karya garkuwar jiki. Su ne mutane na farko a tarihi da aka san an sa hannu cikin rubutun halittarsu tun suna ƙwai.

Bayan ya gama nuna hotunan bincikensa aka buɗe fagen tambayoyi. David Liu, masani daga cibiyar Broad a Amurka, ya miƙe ya tambaye shi: wace buƙata ce ta lafiya waɗannan yara suke da ita wadda ba a iya biya ta wata hanya? Mahaifinsu ne ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, uwarsu ba ta da ita, kuma an riga an wanke maniyyin kafin a haɗa ƙwan. He ya amsa da zancen miliyoyin yaran da ke cikin haɗarin cutar a duniya, ya kuma ce yana alfahari da abin da ya yi. Ni a ganina bai amsa tambayar ba, kuma duk wannan lamari a kan wannan tambaya ya tsaya.

He Jiankui ba likita ba ne. An haife shi a 1984 a lardin Hunan na ƙasar Sin, ya karanci kimiyyar fiziks a ƙasarsa, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Rice da ke Amurka, ya yi aiki a Jami'ar Stanford, sannan ya koma gida a 2012 ya kama aiki a wata sabuwar jami'ar kimiyya da fasaha a birnin Shenzhen. Ƙwarewarsa ta asali karanta jerin DNA ce, har ya kafa kamfanin ƙera na'urorin yin hakan. A shekarar da ya koma gida ne Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka wallafa binciken da ya mayar da CRISPR-Cas9, almakashin yanka DNA da He ya yi amfani da shi, kayan aiki, wanda daga baya ya ba su lambar Nobel a 2020.

Don a gane nauyin abin, sai an san yadda wannan almakashi yake yanka. DNA ɗin mutum dogon rubutu ne na haruffa huɗu da aka jera kimanin sau biliyan uku, kuma kusan kowace ƙwayar jiki tana riƙe da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. CRISPR yana da ɗan jagora da ke nemo wurin da ake so, da sinadarin Cas9 da ke datse zaren a wurin. Daga nan aikin masani ya ƙare. Ƙwayar ce da kanta take ɗinke yankan, kuma ɗinkin gaggawa take yi: wani lokaci ta zubar da haruffa, wani lokaci ta ƙara. Mai almakashi ya san inda zai yanka, amma bai da iko a kan yadda ɗinkin zai fito.

In aka yi wannan a jinin baligi ko ɓargonsa, sauyin yana tsayawa a jikinsa, ya tafi da shi kabari. In kuwa aka yi a ɗan tayi ranar da aka haɗa ƙwai da maniyyi, sauyin zai iya shiga kowace gaɓa, har da ƙwayoyin haihuwa, ya wuce ga 'ya'ya da jikoki. Wannan ne layin da ƙasashe da yawa suka ja. Yarjejeniyar Oviedo ta Turai ta 1997 ta hana, ƙa'idojin ƙasar Sin na 2003 sun hana dasa ɗan tayin da aka sauya wa gado a mahaifa, kuma taron farko da aka yi a Washington a Disambar 2015 ya ce yin hakan a wannan mataki rashin sanin ya kamata ne.

Ƙwayar gadon da He ya nufa ita ce CCR5. Tana samar da wani furotin a bayan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda HIV ke amfani da shi kamar ƙofa. Akwai mutanen da aka haifa da giɓin haruffa 32 a wannan wuri, kusan mutum ɗaya cikin ɗari a arewacin Turai yana da shi a kwafi biyun, kuma irin waɗannan cutar ba ta cika kama su ba. Timothy Ray Brown, wanda aka sani da majinyacin Berlin, ya warke daga HIV ne bayan an dasa masa ƙwayoyin ɓargon mai irin wannan giɓi a 2007. Tunanin He shi ne a toshe ƙofar tun kafin haihuwa. Sai dai ƙofar ba ɗaya ba ce, akwai nau'in cutar da ke bi ta wata mai suna CXCR4. Kuma CCR5 ba don HIV aka halicce ta ba, tana da aikinta a garkuwar jiki: waɗanda ba su da ita sun fi jin jiki in zazzaɓin West Nile ya kama su.

Iyayen

Nan ne zuciyata ta fi tsayawa, domin an yi ta magana kan masanin, an yi ta magana kan fasahar, amma kaɗan ne suka zauna suka tambayi abin da zai sa mata da miji masu hankali su miƙa 'ya'yansu ga gwajin da ba a taɓa yi ba.

Ta hannun wata ƙungiyar tallafa wa masu cutar da ke Beijing aka nemo su. Ma'aurata takwas suka shiga, ɗaya suka janye. A kowane gida mijin ne ke da cutar, matar ba ta da ita. Waɗannan mutane sun san abin da tsangwama take nufi: a rasa aiki, a ƙi karɓar mutum a asibiti, dangi su ja baya. Ga kuma ƙa'idar ƙasar da ta rufe wa masu wannan cuta ƙofar haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai a ɗakin gwaji. Ke nan wanke maniyyi, hanyar da aka daɗe ana bi a wasu ƙasashe ana samun lafiyayyun jarirai, ba ta buɗe gare su ba a gida. Sai ga wani malamin jami'a da ya yi karatu a Amurka yana cewa zai ɗauki nauyin komai, kuma zai ba ɗanku kariyar da ba zai taɓa ɗanɗana abin da kuka ɗanɗana ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Takardar amincewar da suka sa wa hannu ta fito fili daga baya, shafi 23. Ta bayyana aikin a matsayin shirin samar da allurar rigakafin ƙanjamau. Kalmar rigakafi kalma ce mai sanyaya rai, kowa ya san ta, kowace uwa ta kai ɗanta an yi masa. Abin da za a yi kuwa ba allura ba ce. Takardar ta ambaci gyaran ƙwayoyin gado, amma cikin harshen masana mai wuyar haɗiya. Ta ce shirin zai kashe wa kowane gida yuwan 280,000 na kuɗin Sin. Ta kuma ce duk wanda ya janye bayan an dasa ɗan tayi zai mayar da kuɗin da aka kashe masa, in ya yi jinkiri a ƙara masa tarar yuwan 100,000. Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 aka kafa cewa wanda ake gwaji a kansa yana da 'yancin ficewa duk lokacin da ya so. Ficewar da ke tafe da bashi irin wannan ba ficewa ba ce.

He ya ce shi da kansa ya zauna da ma'auratan sama da awa ɗaya yana bi da su layi-layi. Yana faɗar haka ne don kare kansa, alhali nan ma akwai matsala. Mutumin da ya fi kowa son a ce e, shi ne ya zauna yana bayyana haɗarin. A tsarin da ya dace, wani ne daban, wanda ba abin da zai samu ko ya rasa, yake karɓar amincewa.

Binciken da hukumomin lardin Guangdong suka fitar ranar 21 ga Janairun 2019 ya ƙara tono wasu abubuwa. Takardar izinin kwamitin ɗa'a ta jabu ce. Kuma da yake doka ba ta bari a yi wa masu cutar wannan aiki, sai aka riƙa tura wasu mutane su ba da jini a madadin mazajen. Ma'aikatan da suka yi dashen ba duka suka san abin da ke cikin 'yan tayin ba. Duk wanda ya yi imani aikinsa na alheri ne, me zai kai shi ga musanya jinin gwaji?

Ban ga laifin iyayen ba. Amma ko da a ce an yi musu bayani tsaf, ba kuɗi, ba tara, ba ɓoye-ɓoye, akwai sauran magana. Iyaye suna yanke wa 'ya'yansu shawarar magani kullum, har da tiyata mai haɗari, kuma muna yarda da hakan saboda yaron yana da ciwo, rashin yin aikin ya fi yin sa haɗari. Lulu da Nana lafiyarsu ƙalau tun suna ƙwai. Uban da ke shan magani har cutar ta kwanta a jininsa ba ya ɗora wa matarsa, balle ga shi an wanke maniyyi. Abin da ya rage kawai shi ne yiwuwar su gamu da cutar wata rana in sun girma, kamar kowane mutum, kuma wannan akwai hanyoyin kariya masu sauƙi da aka sani. An ɗora musu haɗarin da ba wanda ya san iyakarsa don kauce wa haɗarin da kowa ya san maganinsa.

Abin da almakashin ya bari

Hotunan da He ya haska a Hong Kong su suka fi kowa ba da shaida a kansa. Ba ko ɗaya daga cikin yaran da ta samu giɓin nan na haruffa 32 da aka sani a jikin mutane. Ɗaya daga cikinsu kwafinta ɗaya ne kawai ya taɓu, an zubar da haruffa 15, ɗayan kwafin yana nan yadda yake, ke nan ƙofar tana buɗe. Ɗayar kuma kwafi biyun sun taɓu, ɗaya ya rasa haruffa 4, ɗaya ya ƙaru da harafi guda. Waɗannan sauye-sauye ne sababbi, ba a nazarce su a jikin wani mahaluki ba kafin a saka su a jikin jarirai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne He ya san haka kafin dashe. An ciri ƙwayoyi daga 'yan tayin an duba, sakamako ya nuna ɗayar ba za ta samu kariyar da aka yi alkawari ba. Ya ce ya gaya wa iyayen, su suka zaɓi a dasa duka biyun. To ita wannan yarinya, me aka yi mata? Ko a ma'aunin He kansa ba ta ci ribar komai ba, haɗarin kawai ta kwasa.

Akwai kuma alamun cewa yankan bai faru lokaci ɗaya ba, ɗan tayin ya riga ya fara rabuwa kafin almakashi ya gama aiki, ta yadda wasu ƙwayoyin jiki sun sauya wasu ba su sauya ba. Kiran Musunuru na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya ga bayanan tun farko, ya daɗe yana jan hankali kan wannan. In haka ne, ƙwayoyin da aka cira aka gwada ba sa wakiltar waɗanda aka bari suka zama yarinya. A Disambar 2019 MIT Technology Review ta wallafa sassan rubutun da He ya aika wa mujallun kimiyya ba su buga ba, masanan da suka karanta suka ce bayanan ba su goyi bayan iƙirarin nasara ba. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Waɗanda suka sani

Ba a ɓoye yake gaba ɗaya ba. He ya yi ta zagayawa yana tuntuɓar manyan masana a Amurka. Matthew Porteus na Stanford ya ji shirin daga bakinsa, ya gaya masa ƙarara kada ya yi. William Hurlbut, masanin ɗa'ar likitanci a jami'ar, ya sha zama da shi yana jan kunnensa. Stephen Quake, tsohon maigidansa, ya san da cikin. Craig Mello, mai lambar Nobel, ya samu saƙon imel a Afrilun 2018 cewa ciki ya shiga, ya mayar da amsa cewa bai goyi baya ba. Stanford ta bincika ta ce malamanta ba su da hannu a aikin, kuma na yarda ba su da shi. Amma ba wanda ya fito ya sanar da duniya ko wata hukuma.

Ba na ɗaukar su miyagu. Wasu sun ɗauka ya ji gargaɗinsu, wasu sun ga amana ce aka ba su, kuma gaskiya ne babu wani ofishi a duniya da aka tanada don kai irin wannan ƙara a kan masanin wata ƙasa. Duk da haka, tsakanin lokacin da aka fara jin zancen da lokacin da aka dasa cikin ƙarshe akwai watanni. David Baltimore, shugaban kwamitin shirya taron Hong Kong, ya faɗa a bainar jama'a cewa wannan gazawa ce ta masana wajen tsawata wa junansu. Amanar abokin aiki tana da nauyi, amma a ɗaya gefen sikelin akwai jariran da ba su da bakin magana.

A cikin gida martanin ya yi zafi. Masana 122 na ƙasar Sin suka sa hannu a wasiƙar yin tir tun a kwanakin farko, jami'arsa ta ce ba ta san da aikin ba, daga baya ta kore shi. Ranar 30 ga Disambar 2019 kotun gundumar Nanshan a Shenzhen ta yanke masa shekara uku a gidan yari da tarar yuwan miliyan uku. Abokan aikinsa biyu, Zhang Renli da Qin Jinzhou, suka samu hukunci mai sauƙi. A nan ne aka tabbatar da cewa akwai jaririya ta uku daga wata uwar. Laifin da aka kama su da shi shi ne yin aikin likita ba bisa ƙa'ida ba, domin dokar manyan laifuka ba ta da sashen da ya ambaci abin da suka yi. Sai a Maris ɗin 2021 gyaran doka ya fara aiki, wanda ya mayar da dasa ɗan tayin da aka sauya wa gado laifi mai zaman kansa, da hukuncin da zai iya kai shekara bakwai.

He yana da hujjar da ya kamata a saurara. Yakan kwatanta kansa da Robert Edwards, wanda aikinsa ya kai ga haihuwar Louise Brown a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji. An zagi Edwards, an ce yana shiga hurumin da ba nasa ba, ga shi yau miliyoyin mutane ta wannan hanya aka same su, shi kuma ya karɓi Nobel a 2010. Gaskiya ne sabon abu yakan sha suka. Amma iyayen Louise sun shekara tara suna neman haihuwa, kuma ba su da wata hanya. Edwards bai taɓa rubutun gadonta ba. Ma'auratan He kuwa suna da hanya, ƙa'ida da tsangwama ne suka tare ta. Ciwon da yake cewa yana magancewa a cikin al'umma yake, a ofisoshin da ke korar ma'aikaci da asibitocin da ke juya wa majinyaci baya, sai ya je ya nemi maganinsa a jikin jarirai.

Ba kuma na cikin masu cewa a jefar da almakashin. A Yulin 2019 wata mata mai suna Victoria Gray, mai fama da cutar sikila, ta karɓi ƙwayoyin ɓargonta da aka gyara da wannan fasaha ta CRISPR ɗin dai. Baliga ce, ta san azabar da take gudu, ta ji bayani ta amince, kuma sauyin ba zai wuce ga 'ya'yanta ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wannan magani mai suna Casgevy. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, wanda wannan ma wata muhawara ce mai zafi, tunda mafi yawan masu cutar ba za su taɓa jin ƙamshinsa ba. Amma an bi hanya: gwaji a fili, masu sa ido na waje, da majinyacin da ke da ciwo na gaske.

Ko a gefen gyaran 'yan tayi, masana ba su haɗu a baki ɗaya ba. A Maris ɗin 2019 masana 18 daga ƙasashe bakwai, ciki har da Charpentier da Feng Zhang da Eric Lander, suka yi kira a mujallar Nature da a dakatar da haihuwar irin waɗannan jarirai na wani lokaci. Doudna ba ta sa hannu ba, ta fi son tsauraran ƙa'idoji a kan dakatarwa. Akwai ma'aurata ƙalilan da duk ɗan da za su haifa sai ya gaji mummunar cuta, misali in dukansu biyu suna da cutar gado iri ɗaya a kwafi biyun, kuma su ne ake kafa hujja da su cewa kada a rufe ƙofa har abada. Ina jin nauyin wannan hujja. Taro na uku da aka yi a Landan a Maris ɗin 2023 ya ce har yanzu ba a kai matsayin da za a yarda ba, kuma ina tare da su.

An saki He a Afrilun 2022. Ya koma harkar bincike, yana hira da 'yan jarida, yana cewa yaran suna cikin ƙoshin lafiya suna zuwa makaranta. Ina fatan haka ne, amma maganarsa ce shi kaɗai, shi da ya fi kowa buƙatar ta zama gaskiya. A shekarar da aka sake shi, masana ɗa'a biyu na ƙasar Sin, Qiu Renzong da Lei Ruipeng, suka ba da shawarar a kafa wata cibiya ta musamman da za ta riƙa kula da lafiyar yaran uku, a riƙa duba DNA ɗinsu, shi kuma He ya ɗauki nauyi. Wasu suka ce a'a, hakan zai mayar da yaran abin gwaji har ƙarshen rayuwarsu, a bar su su tashi kamar kowa. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma ba yadda za a bi ɗaya ba a cuci yaran ta ɗaya fuskar ba. Wata rana dole wani ya zaunar da su ya gaya musu su wane ne Lulu da Nana, kafin su kai shekarun da za su fara tunanin haihuwar nasu 'ya'yan.